Yadda Ɗana Ya Koyi Ƙiwa

Ejan ɗin da ya yi mana biza a Kano ya rantse cewa da mun sauka za mu tarar da mota tana jiranmu, da gida mai ɗaki biyu, da aiki ranar Litinin. Mun sauka ɗin. Abin da ya tarye mu shi ne wani siririn ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da lambar waya da ba ta shiga. Muka tsaya a bakin ƙofar filin jirgi, ni da maigidana da akwatunan kuka da daddawa, da jariri ɗan wata bakwai a bayana, muna kallon fuskar duk wanda ya gifta ko shi ne aka aiko. Babu wanda aka aiko.

Ni Rabi ce, 'yar Yako ta ƙasar Kiru. Na karanta aikin lafiya, na yi 'yan shekaru a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, albashi yau akwai gobe babu. Da aka ce Turawa suna neman masu kula da tsofaffinsu, maigidana, wanda nake kira Malam don koyarwa yake yi a firamare, ya sayar da gonarsa ta gado da babur ɗinsa ya miƙa wa ejan. Ba labarin ejan zan ba ku ba. Allah ya isa na riga na yi masa, kuma ba mu kaɗai ya yi wa ba. Labarin yaron da ke bayana ne.

Zangonmu na farko wani ɗaki ne a saman shagon mahauci, wanda limamin wani masallaci ya samar mana bayan wani direban tasi ya tausaya ya kai mu wurinsa. Da na lalubo kamfanin da sunansa ke jikin bizata, sai na tarar da ofis guda, tebur guda, da wani mutum da bai ko ce in zauna ba. Ya ce aiki akwai, amma a wani gari na bakin teku, kuma gida sai dai in nema da kaina. Malam kuwa a wata masana'antar gyaran kaji ya samu, a wani garin daban. Tun ba mu gama sanin hanyar masallaci ba ƙasar ta raba mu, sai ranar Lahadi yake zuwa, hannuwansa duk sun tsage da sanyi.

Garin bakin tekun nan shi ne zango na biyu. Gari ne na tsofaffi da tsuntsayen ruwa masu kuka kamar ana yanka su. Aikina in yi wa tsofaffi wanka, in ba su abinci a baki, in juya waɗanda ba sa iya juyawa. Aikin bai dame ni ba, na yi wa kakata fiye da haka. Abin da ya dame ni shi ne yadda suke zama a gaban taga suna jiran 'ya'yan da ba sa zuwa sai an yi biki. Na riƙa cewa a raina, mutanen nan da ba su iya riƙon iyayensu ba, Allah ya sawwaƙe. Ban san su ma suna da abin da za su ce Allah ya sawwaƙe a kaina ba.

Gidan renon yara na garin, abin da suke karɓa ya kusa cinye albashina gaba ɗaya. Sai na yi abin da kowace mace 'yar Yako za ta yi, na nemi mata. A masallaci na haɗu da Hajiya Mariya, Bahaushiyar Kumasi wadda ta shekara fiye da ashirin a ƙasar, 'ya'yanta duk sun girma. Ita ta haɗa ni da wata 'yar Sudan da wata 'yar Somaliya, ga kuma wata tsohuwa 'yar Pakistan a ƙasan benenmu. Yau yaro yana nan, gobe yana can. Duk wadda na miƙa wa sai ya tafi yana dariya, ko waiwayena ba ya yi. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce lallai renon Gwaggo bai faɗi ƙasa banza ba.

Dole in gaya muku wace ce Gwaggo, in ba haka ba za ku ɗauke ni yadda Turawan nan suka ɗauke ni. Mahaifiyata ta rasu ina kan nono. Ni ban san haka ba sai da na kai shekara bakwai, wata yarinya ta goranta mini a bakin rijiya. Ban sani ba domin babu ranar da na rasa baya. Matar baffana ta ƙarasa shayar da ni, matan gida suka yi ta karɓa-karɓa da ni, Gwaggo Asabe kuma, yayar babana, ita ce ɗakina da shimfiɗata. Uwarsu Bafulatana ce daga rugagen Doguwa, don haka Gwaggo ta tashi da alkunya irin wadda yanzu ko a ƙauye ta yi ƙaranci. Abu biyu ta dasa mini. Na farko, yaro mai ƙiwa, wanda ba ya yarda da kowa sai uwarsa, abin kunya ne ga uwar kuma haɗari ne ga yaron. Na biyu, mace mai tarbiyya ba ta nuna ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in an yaba shi ta kushe shi.

Ƙawayena na makaranta sun daɗe da yar da wannan, har hoton 'ya'yansu na fari suke sawa a fuskar waya. Ni na kasa. Balle ma yaron sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan ta haɗu. Ina ce masa "wannan" ko "yaron nan". Gwaggo kuwa "Angona" take ce masa. Tun daga wankan jego ita ke ɗauke da shi, sai yunwa ta kama shi a miƙo mini. Da gangan take zagayawa da shi gida-gida, tana cewa, "Bari ya san hannuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle mutum."

Kada wani ya zaci ba na son sa. In muna mu biyu a ɗaki nakan cusa hancina a wuyansa har sai ya yi ƙyaƙyata. A bayana kuwa ina sanin yunwarsa tun kafin ya motsa, ina sanin zazzaɓi tun bai fito fili ba. Bayana ne ya san shi. Su kuma can ido suke tambaya.

Zango na uku asibiti ne. Yaro ya fara rarrafe, yana gidan 'yar Sudan ya jawo kofin shayi ya zubo masa a hannu da gefen ƙirji. Ina wurin aiki aka kira ni. Da na isa na tarar Hajiya Mariya ta riga ni, tana riƙe da shi ana wanke ƙunar, yana tsala ihu. Na so in ruga in karɓe shi. Amma ga Hajiya, sa'ar uwata, ga likita dattijo, ga mutane. Sai na tsaya daga bakin ƙofa na haɗiye kukana, na kafa idona a ƙasa. Haka aka koya mini, kuma a Yako da an ce yarinyar nan akwai dauriya. Wata nas ta tambayi Hajiya ko ita ce uwar. Hajiya ta nuna ni. Nas ɗin ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Suka tambaye ni wa ke kula da shi in ina aiki. Na lissafa musu matan nan ɗaya bayan ɗaya, da alfahari ma, don su san yaron ba a yashe yake ba. Suka tambayi cikakken sunan 'yar Sudan, na ce ban sani ba, Ummu Ahmad muke ce mata. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, aka sallame mu. Aka ce wata ma'aikaciyar kula da yara za ta zo gida ta gan mu.

Ta zo da hantsi. Doguwar mace ce mai farin gashi, da murya mai sanyi, na sa mata suna Mai Furfura. Na share ɗaki, na dafa shayi, na soya ƙwai. Ganin furfurarta ya ƙara mini kunya, na ajiye yaron a ƙasa can nesa da ni na zauna a gefen gado. Shi kuwa ɗan halak ya rarrafa kai tsaye ya kama ƙafarta ya miƙe, ta ɗauke shi, ya hau wasa da sarƙar wuyanta kamar ita ta haife shi.

Ta ce, "Haka yake zuwa wurin kowa?"

Na ce, "Kowa. Ko yau ya fara ganin mutum."

"In kin fita kin bar shi fa, yana kuka?"

"Ko kaɗan. Ba ya ma nemana."

Ina faɗa ina murmushi, don yabon ɗana nake yi da bakin da aka hana ni yabonsa. Ta ce in ɗan fita waje in dawo. Na fita, na tsaya a matakala, na dawo. Ya ɗago ya gan ni, ya ci gaba da wasan sarƙa. A raina na ce madalla da kai, ka fitar da ni kunya. Ta tambaye ni me ya sa ba ta ji na kira sunansa ba tun zuwanta. Na sunkuyar da kai na ce mu ba ma kira. Ban iya yi mata bayani ba, don ban taɓa tunanin abu ne da ke buƙatar bayani ba.

Daga nan ta ce yaron kyakkyawa ne, ga fara'a. To, me uwar ɗan fari take cewa in baƙuwa ta yaba ɗanta? Abin da na ji mata suna faɗa tun ina yarinya shi na faɗa, da Turancina na makaranta, ina dariya.

"Wannan? Ai damuna yake yi. Na ba ki shi, ki tafi da shi."

A Yako baƙuwa sai ta ce to na gode, ta saɓa shi a kafaɗa ta yi kamar za ta fita, a yi dariya, ta dawo da shi. Mai Furfura ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin daɗe kina jin haka?" Ni kuma don ban ga ramin da ke gabana ba, na ce, "Tun ranar da aka haife shi."

Baƙo ko da ido makaho ne. Ba a yi sati ba Mai Furfura ta dawo, su biyu da wata mata. Suka ce suna tsoron babu shaƙuwa tsakanina da yaron, ga ƙuna, ga hannuwa barkatai, ga uba ba ya nan, ga abin da na faɗa da bakina. Suka ce za a kai shi wurin wata mata mai riƙon yara na ɗan lokaci, har a gama bincike, in ban yarda ba kuma sai kotu. Na ji kalmar kotu na tuna biza, na tuna gonar Malam. Na yarda. Abin da har yau yake cina shi ne yadda ya tafi. Ya miƙa hannu ga ɗayar matar da bai taɓa gani ba, yana dariya, aka sauka da shi. Tarbiyyar da muka ba shi ita ta sauƙaƙa musu ɗaukarsa.

Da Hajiya Mariya ta ji, ta zo ta tarar da ni zaune a ƙasa riƙe da majanyinsa. Ba ta lallashe ni ba.

"Rabi, me kika ce wa matar nan?"

Na gaya mata. Ta dafe kai.

"Innalillahi. Laifina ne da ban ja miki kunne ba. 'Yar nan, a nan ba a wasa da wannan maganar. Matar nan ta ga gawar jarirai waɗanda iyayensu suka faɗi irin haka ba a saurare su ba. Ba mugunta take yi ba, aikinta take yi."

"Hajiya, to yaro mara ƙiwa laifi ne?"

"A wurinsu ƙiwa ita ce shaida. In yaro ya yi kuka da uwarsa ta fita, ya ruga wurinta da ta dawo, sun ce ya san inda tsaronsa yake. In yana bin kowa, sun ce bai samu kowa ba ne."

"Ai kowa ya samu."

"Na sani. Ni ma haka aka rene ni. Amma ba ni ce zan rubuta rahoto ba."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Nono ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya kama ni. Bayana ya riƙa jin sanyi ko na sa riguna nawa. A tashar bas na kan farga ina jijjiga jikina ina bubbuga bayan da babu kowa a kai, mutane suna ja da baya. In Gwaggo ta sa an kira mata ni a waya, ta ce, "Ina Angona? Kara mini shi in ji numfashinsa," sai in ce barci yake yi. Ta ce wannan ango ya cika barci, ko ya yi sabuwar amarya ne a can. In yi dariya, in kashe waya. Malam ya zo ranar Lahadi ya zauna, shi ma ɗan farinsa ne, bai san ta inda zai fara ba. Da zai tafi ya ce, "Rabi, duk abin da suke so ki yi musu. Kunya ba za ta dawo mana da shi ba."

Zango na huɗu wani ɗaki ne mai launi-launi, cike da kayan wasa, inda ake kawo shi in gan shi sau biyu a mako. Akwai kujera a kusurwa, kullum da mai zama a kai tana kallonmu. Matar da ke riƙonsa sunanta Suzan, gajeriya mai ƙiba, mai kirki, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, don na so in samu abin ƙi a jikinta ban samu ba. Ta iya gyaran ƙunar fiye da ni. Har tambayata ta yi me yake ci a gida, na koya mata dama kunun gyaɗa.

Ganin farko na ɓata shi. Ina shiga na ɗauke shi na juya shi baya na ɗaure da zani, na hau zagaya ɗakin. Ya kwantar da kai ya yi barci nan take, ni ma na ji numfashina ya dawo daidai. Bayan an tashi mai kallo ta ce da ni, cikin ladabi, lokacin na haɗa ido ne da wasa, ni kuma na mayar da shi inda ba na ganinsa.

Hajiya Mariya ta ɗauke ni karatu kamar 'yar aji ɗaya. Ta ajiye matashi a cinyata ta ce shi ne yaron. "Dube shi cikin ido. Yi masa magana. A'a, ba ƙasa-ƙasa ba, da ƙarfi, yadda ta kusurwa za ta ji. Yi murmushi, ke ba gaisuwar mutuwa kika zo ba. To, kira sunansa." Na buɗe baki sunan ya maƙale. Ta ce, "In kin je gari kin ga kowa da wutsiya, ki nemi taki ki ɗaura. Kira."

Ranar da na kira shi, Mai Furfura ce da kanta a kujerar kusurwa. Na durƙusa a kan kafet, na tallabo fuskarsa, na ce, "Sulaimanu." Sunan surukina, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba, sunan ɗana na fari, a gaban mace mai furfura. Ji na yi kamar an kwance mini zani a tsakiyar kasuwar Ƙafin Maiyaki. Yaron ya dube ni da mamaki, don bai san muryata da wannan sunan ba. Na sake kira. Na sumbace shi a goshi da ƙara. Hawaye suka zubo mini na kunya, su kuma suka ɗauka na ƙauna ne. Watakila duka biyun ne, ni kaina ban iya rabewa ba.

Watanni suka shuɗe a haka. Ya fara tafiya a gidan Suzan, a waya ta nuna mini. Sai wata rana da ta kawo shi ta juya za ta fita, ya saki ihu ya bi ta da gudu ya rungume ƙafarta. Ɗana, wanda bai taɓa yi wa kowa kuka ba. Na miƙa hannu ya ture ni. Mai kallo ta matso ta ce kada in damu, wannan alama ce mai kyau, yaron ya fara koyon riƙe mutum ɗaya, in ya iya da Suzan zai iya da ni. Na gyaɗa kai. A hanyar gida na sauka daga bas tun ban kai ba, na zauna a kan wani dakali ina kallon teku har sanyi ya kore ni.

Daga ranar na gane abin da ake jira. Ba za a ba ni shi ba sai ya yi mini kukan da ya yi wa Suzan. Sai ga ni a kan sallaya ina roƙon Allah ya sa ɗana ya yi kuka. Na daina miƙa shi ga kowa a ɗakin, ko mai kallo ta yi masa wasa sai in janyo shi jikina. Na riƙa ɓuya bayan kujera in leƙo, in ga ko zai neme ni. Da hannuna na warware duk abin da Gwaggo ta saƙa, zare bayan zare, kuma na iya, don ni ba daƙiƙiya ba ce.

Ya yi kukan. Lokacin tashi ya yi, na miƙe na ɗauki jakata, ya cakumi hijabina da hannu biyu yana ihu har muryarsa ta dushe, sai da Suzan ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa a ɗakin yana murmushi. Mai Furfura ta dafa kafaɗata ta ce na yi ƙoƙari ƙwarai. Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne, a ƙarƙashin tausayinsa da ya kama ni, wani abu a cikina ya ji daɗi. Ban taɓa sanin daɗin a ce mutum duk duniya ke yake so ba. Yana da daɗi, kuma na ji tsoron daɗin.

Aka dawo mini da shi da sharuɗɗa. Mai reno ɗaya tak, mai rajista. Malam ya bar aikin kaji ya dawo garinmu, na rage awannin aikina. Ranar da Suzan ta kawo kayansa ta yi kuka fiye da ni, ta ba ni wani ɗan bargo ta ce ba ya barci sai da shi. Mai Furfura ta zo ziyarar ƙarshe, na samu ƙarfin hali na ba ta labarin Gwaggo da rasuwar mahaifiyata da matan gidanmu. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce da ma ta san wannan tun farko. Sannan ta ce ko da ta sani, ba ta da tabbacin za ta iya yin wani abu daban, don abin da aka ba ta ta auna da shi ke nan. Ban ji haushinta ba. Kowa da mudun garinsu.

Yaron da aka dawo mini da shi ba ya bari in shiga banɗaki. In na tashi ya tashi, in na juya baya ya firgita. Hajiya Mariya da ta yi masa wanka ba adadi, in ta shigo sai ya ɓuya a bayana. An raba shi da ni, an raba shi da Suzan, ya gane mutane suna ɓacewa, ya riƙe wadda ta rage da ƙarfinsa duka.

Zango na ƙarshe gida ne. Sai da ya kusa shekara uku muka samu zuwa, bayan an aiko cewa Gwaggo tana jin jiki. Daga Kano muka hau mota zuwa Kiru, daga nan babura suka ƙarasa da mu Yako. Damina ce, dawa ta rufe hanya hagu da dama, ƙamshin ƙasa ya sa na yi ta share ido da gefen hijabi. Muna shiga gida mata suka taso da guɗa. Matar baffana, wadda na sha nononta, ta kai hannu za ta sauke shi daga bayana kamar yadda ake yi wa kowane baƙon yaro. Ya ƙwalla ƙarar da ta sa kaji suka watse. Wata ta gwada, wata ma ta gwada da alewa. Ya shaƙe wuyana ta baya har na kasa numfashi. Na ji wata daga cikin ɗaki tana cewa, "Ikon Allah. Yaron Gwaggo ne da ƙiwa haka?"

Gwaggo tana kwance a ɗakinta, ta rame, idonta ya yi hazo. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta bari na gama ba ta miƙo hannuwa biyu.

"Ina Angona? Miƙo mini shi. Ka tafi yawon duniya ka bar ni da cefane, yau za mu yi shari'a."

Na kwanto shi na matsar da shi gabanta. Yatsunta suka taɓa hannunsa, daidai tabon ƙunar. Ya fizge, ya faɗa ƙirjina yana kuka yana shure-shure. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na tallabo fuskarsa na dube shi cikin ido na ce, "Sulaimanu, yi shiru, ina nan. Mama tana nan." Na sumbace shi.

Matan da ke bakin ƙofa suka kawar da kai, wata ta ja mayafi ta rufe baki. Hannuwan Gwaggo suna nan a miƙe, sai a hankali ta mayar da su kan cinyarta. Ta ce kowa ya ba mu wuri.

Na gaya mata komai, tun daga kofin shayi har ranar da aka ɓamɓare yatsunsa daga hijabina. Na gaya mata duk barcin da na ce yana yi ƙarya ne. Na zaci za ta yi faɗa a kan sunan da na kira, ko a kan ƙaryar. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana sauraron ajiyar zuciyar yaron, wanda ya yi luf a jikina yana leƙenta da ido ɗaya.

"Da na san za ki ce wa Baturiya ta tafi da shi, da na ce miki wannan wasan na gida ne," in ji ta. "Ban san akwai inda ba a san shi ba."

"Gwaggo, zai saba. Kwana biyu ne zai saki jiki."

"Ko ya saba ba da ni ba." Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Ranar da uwarki ta rasu, ana yi mata wanka a bayan ɗaki ke kina tsakar gida kina dariya a bayan Talatu matar baffanki. Ko dare ɗaya ba ki yi kukan maraici ba. Abin da na so in bar wa wannan ke nan, ba ni da gona ba ni da saniya."

Ta lalubo kaina ta dafa, ba ta sake kai hannu wurin yaron ba.

"Da na sallame shi yana da uwa goma. Yanzu ke kaɗai gare shi, Rabi. Sai ki yi ta addu'a Allah ya bar ki da rai."